Ranar da Aka Durƙusa wa Raƙumin Dawa

A makarantar firamaren Katolika da ke bayan coci akwai wani dattijo da ake kira Baba Bar-Mini. Aikinsa biyu ne, buga ƙararrawar makaranta da goge kayan Misa a ɗan ɗakin da ke bayan bagade. Amma idan ka zauna da shi ɗan lokaci, sai ka tashi kana zaton shi ya koya wa Fada, limamin cocin, karatu. Sunan kuwa bakinsa ne ya jawo masa. Famfo ya lalace, "Ku bar mini." Motar Fada ta ƙi tashi, "Ku bar mini." Famfon har yau bokiti ake tara masa, motar kuma sai da aka kawo wata ta ja ta.

To, a zangon da malamar wasanni ta tafi hutun haihuwa ne aka yi taron iyayen yara. Shugaban iyaye wani mai sayar da tayoyin mota ne, mutum mai tumbi da rowar dariya, kowa Mai Taya yake ce masa. Ya miƙe ya gyara wando.

"Sista, mu fa karatu muka kawo yaranmu su yi. Wannan yawo na gidan tarihi da wurin iyo da filin ƙwallo, me yake ƙara wa yaro? A jarrabawa ana tambayar iyo ne?"

Sista ita ce shugabar makarantar, 'yar siririya mai tabarau, wadda ba ta ɗaga murya domin ba ta taɓa bukatar hakan ba.

"Ranka ya daɗe, yaron da bai taɓa ganin komai ba sai bangon aji, idan an ce ya ba da labari me zai faɗa? Akwai waɗanda a aji ko tari ba sa yi, amma ka kai su fili ka ga abin da Allah ya ajiye musu a ƙafa."

Aka ja, aka ja, har aka tsaya a kan gwaji. Za a yi fita guda, Mai Taya zai bi su da kansa ya gani da idonsa. Idan ya ga amfani a ci gaba, idan bai gani ba an daina fita ke nan. Sai maganar wanda zai jagoranci yaran. Malamai duk suka sunkuyar da kai, kowa ya ga wani abin sha'awa a takalminsa. Daga taga sai aka ji murya.

"Ku bar mini."

Gaskiyar magana, Baba Bar-Mini ya daɗe da wannan buri a ransa. Shekara da shekaru shi ke buɗe wa motar makaranta ƙofa, shi ke rufewa, yana ɗaga wa yara hannu, amma ko sau ɗaya bai taɓa ɗora mazaunansa a kujerar gaba kusa da direba ba. Abin yana ci masa rai ƙwarai. Sista ta dube shi ta saman tabarau, ta dubi malaman, ta ga babu mai niyyar ɗago kai.

"Baba, idan ka dawo da su lafiya kuma shugaba ya gamsu, kai ne Shugaban Fita. Idan ba haka ba, babu fitar balle shugabanta."

"Sista, ai an gama. Malama wuri ɗaya take kai su a zango. Ni duka ukun zan haɗa a yini ɗaya, tarihi da safe, iyo da rana, ƙwallo da la'asar."

Dabarar sarrafa yaran kuwa da kanta ta faɗo masa. Washegari ya ɗauko 'yar ƙararrawar bagade, wadda ake kaɗawa a tsakiyar Misa kowa ya durƙusa, zai goge ta a bakin famfo. Lokacin hutun tara ne, fili ya kaure da ihu da guje-guje. Ya yi tuntuɓe, ƙararrawa ta yi ƙilin-ƙilin. Nan take yaran suka zube a kan gwiwoyinsu, har da mai biredi a baki, tsit kamar an ɗauke wuta. Baba Bar-Mini ya dubi yaran, ya dubi abin da ke hannunsa.

"Ashe maganinku a hannuna yake ban sani ba," in ji shi.

Kullum da tara sai ya fito ya gwada, har abin ya zauna musu a gwiwa, ko murfin tukunya ya faɗi a kicin sai ka ga wasu sun fara lanƙwasa. Ya kuma je wurin tela maƙwabcinsa ya ɗinko kwat ja wur mai maɓallan ruwan zinariya, da yadin da telan ya rantse ba ya zuba.

Ranar fita da sassafe uwargidansa ta same shi gaban madubi yana gwada tsayuwa.

"Maigida, wannan kuma gobara za a kashe?"

"Ke ba ki san kayan aiki ba. Shugaba dole a hango shi daga nesa."

"Ai za a hango ka. Wannan abin da ke ƙara a aljihunka fa, ba na Fada ba ne?"

"Aro na yi."

"Ya sani?"

"Allah ya sani, shi kuwa ya fi Fada."

"Ka ɗauki usur kamar kowa mana."

"Usur na masu tsaron hanya ne. Ni yaran coci nake kiwo."

Ta ce Allah ya kiyaye hanya, da irin muryar da ake yi wa mai hawa tsani da silifas addu'a.

Aka cika mota. Baba Bar-Mini ya haye kujerar gaba, ya tura malamai mata biyu can baya ya ce su huta, yau ba ranarsu ba ce. Mai Taya ya samu wuri a tsakiya tsakanin 'yan aji biyu, ya rungume tumbinsa. Direba ya ce ya san hanya, Baba ya ce akwai ta yanke. Ta yanken ta kai su bayan wata kasuwa, ta fitar da su ta gaban asibiti sau biyu, daga ƙarshe ta ajiye su a tsallaken titi, gidan tarihi yana can ɗaya ɓangaren, motoci suna wucewa a tsakani kamar an koro su.

"Sai mu zagaya," in ji direba.

"Zagaye na me? Tsallakawa za mu yi."

Ya jera yara biyu-biyu, ya shiga gaba da jan kwat. Motoci suka ɗan lafa, layi ya kai tsakiyar titi. Sai ga wata babbar mota ta taho daga nesa. Baba ya ce bari ya tsayar da ita. Ya ɗaga hannu sama, ya manta abin da ke hannun, ya kaɗa da ƙarfi.

Yara suka zube a tsakiyar kwalta, hannuwa haɗe a ƙirji.

Birki ya yi ƙara ta ko'ina. Aka shiga danna oda. Wata tsohuwa da ke tsallakawa da kwandon kaya ta ga yara a durƙushe, ta ajiye kwandon ita ma ta durƙusa, don kada wani abu ya wuce ta. Wani mai tasi ya leƙo.

"Baba, wa ya rasu?"

"Babu wanda ya rasu. Ku tashi, ku tashi mana!"

Yana cewa su tashi yana yarfa hannu, hannun kuma yana ƙilin-ƙilin, duk wanda ya fara miƙewa sai ya koma. Sai da ɗan sandan hanya ya zo ya kama masa wuyan hannu ya riƙe, kamar mai ƙwace wa yaro ashana, sannan aka samu aka kwashe su.

"Ka ga tarbiyya ko?" in ji Baba ga Mai Taya da suka hau dakali. "Ko yaro ɗaya bai ruga ba."

"Na gani. Na ga kuma tayar motar nan dab da kunnen 'yata."

A gidan tarihi wata mata mai jagorar baƙi ta tarbe su tana hamma. Baba ya ce ta je ta sha shayi, shi nan gidan tamkar ɗakinsa ne. Ba ta yi musu ba. A bakin zaure akwai wani tsohon turmin dutse, na'urar sanyaya ɗaki tana ɗiga ruwa a ciki. Yaron farko ya tsoma yatsa ya yi alamar gicciye kamar yadda ake yi a ƙofar coci, na biyu ya bi, kafin a ankara layi duka ya yi. Mai Taya ya buɗe baki zai yi magana, sai ya ga shi ma yatsansa a jiƙe.

A babban ɗaki na tsakiya ƙasusuwan wani raƙumin dawa ne a tsaye, an haɗa su da waya, an kewaye da jan igiya, kansa na neman taɓa rufi. Yara suka yi cirko-cirko, baki buɗe.

"Baba, mene ne wannan?"

Akwai rubutu a ƙasa, amma Baba ya bar tabaransa a gida saboda ba ya shiga da kwat. Ya ɗaga kai ya bi wuyan da kallo har hularsa ta kusa faɗuwa.

"Wannan shi ne kifin da ya haɗiye Annabi Yunusa."

"Kifi da ƙafafu?" in ji wata yarinya mai kitso biyu, 'yar Mai Taya.

"Daga baya aka ba shi. Da ya amayar da annabin a gaɓa, kunya ta kama shi, ya roƙi ƙafafu don ya bi shi ya ba shi haƙuri."

"To wannan dogon wuyan fa?"

"Yauwa, kin yi tambaya. Kun taɓa tunanin me ya sa annabin ya kwana uku a ciki? Hanya ce da nisa. Kwana ɗaya yana sauka, kwana ɗaya ya huta, kwana ɗaya yana hawowa."

Yara suka gyaɗa kai, abin ya yi musu daidai. Malaman biyu suka juya wa bango fuska, kafaɗunsu na rawa. Mai Taya ya sunkuya ya karanta rubutun.

"Nan an rubuta raƙumin dawa."

"Sunan da masu boko suka sa masa ke nan. Bari in nuna muku inda annabin ya zauna."

Ya ɗaga ƙafa ya tsallake jan igiyar. Ƙafarsa na sauka, ƙararrawar tsaron gidan ta ɓarke, ƙirrrr, ba tsayawa. Yara suka zube gaban raƙumin dawa, kai a sunkuye. Da shirun ya yi tsawo, wani yaro mai zaƙin murya ya ga ai bai kamata a zauna haka ba, ya ja waƙar yabo, saura suka amsa. Wasu baƙi da suka zo kallo suka fito da wayoyi suna ɗauka. Masu gadi suka shigo a guje suka tarar da dattijo cikin jan kwat tsaye a ƙarƙashin haƙarƙarin dabba, ya riƙe ƙashi ɗaya a hannu, domin da ya firgita abin da ya fi kusa ya damƙa.

"Ajiye shi, Baba," in ji babban mai gadi.

"Gyara shi nake yi. Dama a kwance yake."

"Sista ta ce za su ƙaru," in ji Mai Taya, jijiyar wuyansa ta tashi. "Da safe na kawo 'yata 'yar Katolika, ko azahar ba a yi ba tana durƙusa wa raƙumin dawa."

Aka raka su har ƙofa, rakiyar da ba ta girmamawa ba.

A wurin iyo Baba ya farfaɗo. Ya tara yara a bakin ƙaramin tafki na 'yan koyo, ya ce wa matashin da ke tsaron masu iyo ya koma kujerarsa.

"Ni da kuke gani, a zamanina idan na shiga ruwa kifaye gefe suke ja. Iyo ba ƙarfi ba ne, lissafi ne. Hannu haka, ƙafa haka."

Ya tsaya da ƙafa ɗaya a kan jiƙaƙƙen tayil, ya miƙa ɗayar baya, ya shiga sara iska da hannuwa. Takalminsa sabo ne, ƙasansa sumul. Ƙafar da ke ƙasa ta ce ita ma bari ta bi 'yar'uwarta. Ji kake tsundum.

Abu na farko da ya tuna shi ne kayan Fada. Ya zaro ƙararrawa ya ɗaga ta sama da hannu ɗaya don kada ta jiƙe, sauran jikin kuma yana ta fafutuka, yana shan ruwa yana furzarwa.

"Ku cece ni! Ku miƙo sanda!"

Hannun na rawa, ƙararrawa na kaɗawa. Yaran da suka yunƙura za su ɗauko sanda suka zube a bakin tafki. Ganin halin da Baba yake ciki, suka fara yi masa addu'ar da ake yi wa mai barin duniya, da murya ɗaya, babu ko kuskure. Ruwan da ke kewaye da shi kuma ya fara yin ja. Wata 'yar aji ɗaya ta fashe da kuka ta ce kifin annabi ya ciji Baba.

Matashin ya sauko daga kujera ba tare da gaggawa ba, ya tsuguna a bakin ruwa.

"Baba."

"Na tafi, ɗana, ka gaya wa uwargida..."

"Baba, miƙe tsaye."

Ya miƙe. Ruwan iya gwiwarsa ne. Kwat ya koma kalar hoda, farar singiletinsa da gemunsa da tafkin mutane duk sun karɓi jan.

"Kun ga yadda mai nutsewa yake yi ko?" in ji shi yana tari. "To kada wanda ya yi haka. Darasin farko ke nan."

Sai da aka sake ruwan tafkin. Malaman biyu da matashin suka shiga da yaran ɗaya tafkin, aka yi ta fantsama ana ƙyalƙyala dariya, wasu har suka iya kwanciya a kan ruwa. Baba bai ga wannan ba, yana bayan mota yana neman abin sawa. Abin da aka samu busasshe kaf a motar shi ne rigar ƙwallo ta mai tsaron gida da aka ajiye, ta ɗan aji shida, ruwan ɗorawa. Direba ya ja ta gaba, Mai Taya ya ja ta baya, da ƙyar ta shiga, ta tsaya a saman cibiya.

Da la'asar suka isa filin ƙwallo. Wasan da wata makarantar gwamnati ne, kuma iyaye sun cika benci, Sista na gaba da lema. Uwargidan Baba ma ta zo, tare da tela. Tela na hango kwat a rataye a tagar mota ya koma bayan wani mai tsawo ya ɓuya.

Abin mamaki, yaran coci sun iya ƙwallo. Wani ɗan shiru-shiru da malamai suke zaton ba ya jin magana ya yanke mutum uku ya zura ɗaya. Benci ya ɗauka. Har Mai Taya sai da ya miƙe rabi kafin ya tuna ra'ayinsa ya zauna. Baba Bar-Mini ya shiga kai da kawowa a bakin layi, cibiya a waje.

"Ni na koya masa wannan. Jiya-jiyan nan."

Ya cusa ƙararrawar Fada cikin safa ya ɗaure ya riƙe a hannu, ya ce yanzu kam babu abin da zai faru. Bai yi lissafi da mai askirim ba. Mutumin ya shigo da kekensa ta gefen fili yana neman ciniki, ya danna 'yar ƙararrawar keke, ƙilin-ƙilin.

'Yan wasan coci suka zube, har mai tsaron gida. Ɗan gaban ɗaya makarantar ya tsaya da ƙwallo a ƙafa, ya waiwaya ko'ina ko wani babban mutum ne ya shigo. Da bai ga kowa ba, ya tura ta a hankali ta wuce ta gefen mai tsaron gidan, wanda idonsa ke rufe.

Malamin wasannin ɗaya makarantar mutum ne mai saurin fahimta. Ya je ya sayi askirim, ya ce wa mai keken ya tsaya nan kusa da shi, shi zai riƙa taya shi talla. Daga nan duk sanda yaransa suka ɗauko ƙwallo, sai ƙilin-ƙilin.

"Alƙali, ka hana shi!" in ji Baba.

"A wace doka aka hana sayar da askirim?" in ji alƙalin wasa.

Aka ƙara musu, aka sake ƙarawa. Baba ya yi ta ihun su tashi, amma gwiwar da aka yi mako ana horarwa ba ta jin ihu. Can sai wata dabara ta zo masa. Idan ƙararrawa ce ke durƙusar da su a coci, ai akwai maganar da ke tayar da su. Ya buɗe hannuwa biyu, ya yi gyaran murya irin ta Fada.

"Ubangiji ya kasance tare da ku!"

Yara suka miƙe zumbur. "Ya kasance tare da ruhunka," suka amsa, har da rabin benci. Mai tsaron gida ya buɗe ido daidai lokacin da ƙwallo ta iso, ya cafe.

Nan fa aka shiga gasa. Can ƙilin-ƙilin, a zube. Nan Ubangiji ya kasance tare da ku, a miƙe. Ƙwallo ta koma 'yar kallo. Iyayen ɗaya makarantar suka riƙe ciki, wani ya faɗo daga benci. Abin da Baba bai sani ba shi ne, bakin da ya shekara da shekaru yana jin Misa daga bayan bagade, idan ya hau layinta ba ya tsayawa inda aka so. Da aka sake kawo hari, maimakon ta farko sai ta gaba ta fito.

"Ku ba juna hannun salama!"

'Yan wasan baya na coci suka tare 'yan gaban abokan karawa suna miƙa musu hannu. Su kuma yaran kirki ne, suka tsaya suka karɓa. Ƙwallo ta gangara waje ita kaɗai.

"Kun gani?" Baba ya juyo wa benci yana dukan ƙirji. "Wannan ake kira tsaron gida. Ko a talabijin ba ku taɓa..."

Idonsa ya sauka a kan wani mutum. A ƙarshen benci, kusa da Sista, Fada ne tsaye cikin farar rigarsa, ya harɗe hannuwa. Tun yaushe ya iso, Allah kaɗai ya sani. Ya tako a hankali har bakin layi.

"Baba, yaushe aka naɗa ka ban samu gayyata ba?"

"Fada, ai... dabarar wasa ce."

"Yau na ɗaura aure a coci. Da aka zo wurin kaɗa ƙararrawa, cokali aka buga a jikin kofi. Amarya ta yi dariya har ta shaƙe. Me ke cikin safar nan?"

"Ƙafa ce, Fada."

"Ƙafarka a hannu take?"

Daidai nan ƙilin-ƙilin ta sake tashi daga wurin mai askirim. Yara suka zube, 'yan gaba suka taho gadan-gadan. Baba ya dubi Fada, ya dubi fili, ya dubi Mai Taya da Sista, kansa ya ɗaure tamau. Ya san dole ya ce wani abu. Ya buɗe hannuwa, bakin ya ɗauko abin da ya rage a layi.

"Ku tafi cikin salama, Misa ta ƙare!"

"Godiya ga Allah," in ji yara.

Suka miƙe, suka kakkaɓe gwiwa, suka jeru biyu-biyu, ƙanana a gaba manya a baya, suka fice daga fili cikin natsuwa suka nufi mota. Mai tsaron gida ma da ya zo daidai tsakiyar fili sai da ya ɗan rusuna. Alƙali ya tsaya da usur a baki ya rasa abin da zai busa. Daga baya ya busa tashi, ya ba ɗaya makarantar wasa.

Wani irin sauti ya fito daga bencin iyaye, kamar taya na sacewa. Aka waiga. Mai Taya ne, ya kife a kan tumbinsa, hawaye na zuba, yana dukan benci. Matarsa ta ce tun da aka yi aurensu ba ta taɓa ganin haƙoransa na ciki ba sai ranar. 'Yarsa ta rugo ta kama hannunsa tana zuba, ta iya kwanciya a kan ruwa, kuma raƙumin dawa ne ba kifi ba, ta karanta da kanta, kuma yaushe za a koma. Sauran yaran ma kowa ya kama nasa iyayen, ba mai sauraron wani.

Da Mai Taya ya samu numfashi ya share ido ya ce, "Sista, a ci gaba da fita. Yarinyar nan a gida sai an yi da gaske take haɗa kalma biyu. Amma da sharaɗi." Ya nuna Baba da yatsa, dariyar ta sake ƙwace masa, ya kasa ƙarasawa. Kowa dai ya gane sharaɗin.

Fada ya karɓi safar da abin da ke ciki. Baba ya matso kusa da Sista yana jan riga ƙasa, tana komawa sama.

"To Sista, tunda shugaba ya gamsu, maganar muƙamin..."

"Baba, kai aikin da ya fi wannan za mu ba ka. Daga yau duk ranar fita, makarantar gaba ɗaya a hannunka take. Kai ne shugaba."

Kafin su isa gida ya gaya wa direba, ya gaya wa mai kanti, ya gaya wa tela, wanda ya yi masa murna daga nesa. A tsakar gida ya zauna a kan kujera ya miƙe ƙafafu.

"Kin ji dai da kunnenki. Na ceto fita, kuma an ba ni makaranta sukutum."

Uwargida tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.

"Maigida, ranar fita wa ke zama a makarantar?"

Ya buɗe baki. Yara suna mota. Malamai suna mota. Sista ma ta ce daga yanzu ƙafarta ƙafarsu. Ya rufe bakin, kujerar gaban nan ta kusa da direba tana yi masa gizo.

"Akwai kujeru," in ji shi a hankali.

"To Allah ya sa su yi maka biyayya."

Ya miƙe zai cire rigar mai tsaron gida. Ya ja ta sama ta maƙale a hammata, ya ja ta ƙasa ta ƙi, hannuwansa suka tsaya a sama, kansa a ciki.

"Ke, kawo almakashi. Rigar nan ta ƙi fita."

"Bar ta ta zauna," in ji uwargida. "Ku biyu ke nan, babu mai fita."